Shanyar Kifi a Rufin Jirgi

"Lafiya lau na kwana, sai da na ga fuskarka," in ji tsohuwar. Tana gangarowa bakin ruwa, tana dogara filafilin tuƙin jirgi na marigayi mijinta kamar sanda.

"Ni ma ganin ki ya kusa dawo min da zazzaɓin," in ji mai fito, jikanta. "Amarya, wannan sammako haka, yaji za ki yi?"

"Da ina da wurin zuwa, ai da tuni na bar ka. Kwance jirgi. An bugo waya daga ƙetare, jikin ƙanwata ya tsananta, sunana take kira."

Ya nufi igiya. Kwanakin nan duk a kwance ya yi su, ya bar jirgin a gindin gaɓa ya sha rana. Tun da fetur ya gagara ya sayar da tsohon injinsa ya koma wannan: faifan sola a matsayin rufi, batir a ƙarƙashin benci. Sauran jiragen duk sun tafi kasuwa tun da duku-duku. Ya danna maɓalli, ƴar fitilar caji ta nuna ja. Ya hau gaɓa, inda rufin ya zo daidai gwiwa, sai ga tabarmi biyu sun rufe faifan ruf, kifi a jere a kai.

"Wa ya yi min shanya a nan?"

"Matar gida. Rufin mijina ne, sai na nemi izini?"

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kwanta kana nishi kamar akuya mai haihuwa. Ga zafi, ba kaza, ba yashi. Ban taɓa ganin amfanin jirgin nan ba sai wannan karon."

"Kin toshe masa baki, tsohuwa. Ta nan yake cin abinci."

"Jirgi mai cin rana! Na kakanka ba abin da yake ci sai zufa."

"Shi ya sa ya mutu da doro."

"Da doron nasa ya fi ka kyau. Kwashe min kifin a hankali, na ƙanwata ne. Ba abin da ke shiga cikinta sai romonsa."

Ya tattara kifin ya ƙulle mata a zane. Maiƙo ya riga ya ratsa tabarmin ya dafe gilashin. Ya duba sama, gajimare ya haɗe, rana ko alama. Ya san lissafin: ko su jira gari ya buɗe, ko su tafi da ɗan abin da ya rage. Ya gaya mata haka, ba ƙari.

"Ita za ta jira gari ya buɗe?" in ji ta. "Tuƙa."

Ya sa injin a mafi ƙarancin gudu. Jirgin ya kama hanya shiru, ba hayaƙi, ba ƙara, sai ruwa na lasar katako.

"Wannan tafiya ce ko rakiyar gawa?"

"Ki iya bakinki yau, amarya."

Sai ta ji nauyin abin da ta faɗa. Can ta ce, "Wanda ya sayar maka da shi bai gaya maka akwai damina ba?"

"Ya gaya min. Abin da bai gaya min ba shi ne akwai ke. Tun da na kawo jirgin nan ban bar fasinja a gaɓa don rashin mai ba. Ke kanki kin daina tarin hayaƙi."

"Na daina tari, na koma hamma. Kunkuru ma ya wuce mu yana gaishe ni."

"Saurayinki ne, tare kuka yi ƙuruciya."

Sun ɗan wuce tsakiya injin ya yi gyatsa ya mutu. Ƙetare na can kamar zare. Mai fito ya danna, ya sake dannawa, ya bari. Ya miƙa hannu ba tare da ya dube ta ba.

"Ba ni sandar nan."

"Wace sanda? Wadda ka ce in ba ka ka hura wuta?"

"Ba ni, Kaka."

Da ta ji ya kira ta Kaka, sai ta miƙa masa. Ya fara tuƙi. Jirgin ya fi na katako nauyi, ga batir, ga ƙarfen rufi, shi kuma zazzaɓi ya zuƙe shi. Gumi ya jiƙa rigarsa.

"Kakanka da hannu ɗaya yake yi, ɗayan yana riƙe da ni."

"Lokacin kina da haƙora."

Ta dafa ginshiƙin rufi ta miƙe, ta cire mayafinta, ta tsoma a ruwa, ta shiga goge maiƙon iya inda hannunta ya kai.

"Zauna kar ki faɗa, ba ni da ƙarfin tsamo ki."

"Abincin mijina nake gyarawa. Kai dai tuƙa."

Rana ta tsaga gajimare bayan ta yi sama sosai. Fitilar ta ɗan farfaɗo, injin ya ja su sauran hanyar kamar mai ciwon ƙafa. Tun daga nesa mai fito ya hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan ƙanwar, ba mai magana. Ɗan ƙanwar tata na tsaye a bakin ruwa, bai ɗaga musu hannu ba. Da jirgin ya taɓa yashi, ya durƙusa ya ce, "Sai haƙuri, Inna. Kaɗan ya rage da kun same ta."

Tsohuwar ta yi salati a hankali. Ba ta sauka ba. Ta zuba wa ƙullin kifin da ke cinyarta ido.

"Da ban yi shanyar nan ba..."

"Ji son girma," in ji mai fito. "Ƴan tabarminki ne za su tsayar da jirgi? Batirin ya daɗe da lalacewa, na ɓoye miki ne. Jirgin banza ne, ke kika fara faɗa. Kin ci ni."

Batirin lafiyarsa ƙalau. Ya sani, ita ma ta sani. Ta dube shi da jajayen idanu, sai wata busasshiyar dariya ta kufce mata.

"Mijin banza da jirgin banza." Ta ɗora masa ƙullin a cinya. "Ungo, ci ka yi ƙarfi, kai za ka mayar da ni. Filafilin kuma bar shi a ciki, ya zama naka."

"Ke da me za ki dogara?"

Ta kama kafaɗarsa ta miƙe. "To kai meye amfaninka?"