Ƙofarku Tana Wuyan Bijimin Bobbo

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta na Kamfanin Bovi-Luks, maƙera kayan asibitin dabbobi, mai ofis mai sanyi a Duwala, wanda ƙudan shanu bai taɓa sauka a kafaɗarsa ba. Allah ya ƙara sanyi.

Bayan gaisuwa ta ban girma da tambayar iyali da ma'aikata, ranka ya daɗe, ni ne Zaharaddin, mataimakin likitan dabbobi a wani ƙaramin asibiti a Garwa. Karatuna a tsakiyar koleji ya tsaya, sauran a gindin saniya na ƙarasa shi. Da wanke kejin karnuka na fara. Yau idan likitar asibitinmu Dokta Gisèle ta yi tafiya, ni makiyaya ke ce wa Dokta, ban kuma taɓa hana su ba. Ina wannan rubutu ne ina dariya, don kayanku ya yi sunan da talla ba ta iya saya muku.

Kun aiko mana da kejin ƙarfe na matse saniya a yi mata allura, mai ƙofar da ke kama wuya ta kulle kanta. Muka loda shi zuwa garin Ngong don rigakafin ciwon huhu. Na tara makiyaya, na yi musu jawabi da Fulatanci cewa zamanin igiya da kokawa ya wuce. Bobbo, dattijon da Fulanin yankin ba sa ƙetare maganarsa, ya ba da babban bijiminsa a fara da shi. Jan bijimin Bororo ne. Buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗewa, to ka kusa auna ƙahoninsa. Ya karkata kai kamar mai shiga ɗakin surukai, ya zura ƙaho ɗaya, ya zura ɗayan, ƙofa ta ce ƙaras a wuyansa. Ban ko cire marfin allura ba ya ɗaga kai, ya tumɓuke ƙofar daga jikin kejin, ya nufi kasuwa da ita.

Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, a gafarce ni.

Na ɗaya. Na sake duba hotunan da ke jikin kwalinku. Shanu ne masu fari da baƙi, kai sumul kamar ƙwarya, ba tozo, ba ƙaho, suna murmushi. Ranka ya daɗe, a wane garke kuka same su? Injiniyanku ya taɓa ganin saniyar arewa, ko a faranti kaɗai suke haɗuwa?

Na biyu. Dole in yaba ƙarfin ƙarfenku. Ƙofar ta rushe rumfar mai tsire, ta kwashe tabarmin wata baiwar Allah Madeleine, ta share babura kamar tsintsiya, amma ko lanƙwasa ba ta yi ba. Madalla! Yanzu mutane daga garin Poli ma zuwa suke kallo. 'Yan babur sun raɗa wa bijimin suna Mai Taga. Mata na ɗaukar hoto da shi. Har wani ya tambaye ni ko sabon ado ne daga Turai, yana son biyu. Ni kaina, duk inda na gifta sai a nuna ni, ga likitan da ya sa wa sa ƙofa. Na gode da ɗaukaka.

Na uku. Makullin ƙofar ba ya buɗuwa sai da wani mabuɗi mai kai kamar tauraro. Mun zazzage kwali, babu shi. Na kira ofishinku, wata murya mai daɗi ta ce mabuɗin yana hannun ma'aikacinku guda ɗaya tilo, shi kuma yana hutu. Allah ya ba shi hutu mai albarka. Bijimin dai bai samu nasa ba.

Na huɗu, kuma a nan ne na zauna a ƙasa don dariya. Muryar ta ba ni shawara, a cikin Faransanci mai tsabta, cewa mu yanke ƙahonin da zarto mu zare ƙofar, don kada a ɓata kayan kamfani. Ranka ya daɗe, ƙahon babban sa ba reshen itace ba ne, akwai jini da jijiya a ciki. Ban da haka, ka san abin da ƙaho yake a wurin Bororo? Da shi ake kirarin sa, da shi ake gane garken mutum daga nesa. Da na fassara wa Bobbo shawarar, sandarsa kawai ya sauya wa hannu, ni kuwa na sauya wurin tsayuwa.

To, ga inda wasa ya ƙare. Bijimin ba ya iya kai baki ƙasa. A kwano ake ɗaga masa ruwa da dusa, wuyansa ya fara salewa, ni ke wanke ciwon safe da yamma. Bobbo ya rantse babu saniyar da allurarmu za ta taɓa sai an cire ƙofar, ƙahoni na nan yadda Allah ya yi su. Duk makiyayan sun bi shi. Ga ciwon huhu an ji ɗuriyarsa, ga garkuna na shirin gangarawa kogin Faro cin rani. Idan suka tafi ba rigakafi, ba bijimi ɗaya za a rasa ba.

Saboda haka nake sanar da kai cikin ladabi: ranar Asabar Dokta Gisèle za ta yi wa bijimin allurar barci, ni in riƙe kai, André mai walda ya zo da injin yankan ƙarfe. Ƙofarku za ta dawo muku gida biyu, a wanke, a naɗe. Muryar ofishinku ta gargaɗe ni cewa muddin muka taɓa ƙarfen, garanti ya mutu. Mun ji, mun yi jimami. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. A sanar da mu ranar zaman makoki, ni da Bobbo za mu zo da nono.

Ina durƙushe gwiwa biyu a gaban teburinka, hula a hannu.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Zaharaddin na Yelwa,
Mataimakin likitan dabbobi, Garwa.