Wasiyyar da Aka Karanta Ina Zaune

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Alhamis a ƙofar gidanmu na Darini ba, ranar da aka karanta wasiyyata ina zaune daram a kan tabarma, da raina da lafiyata, har da kofin kunun zaƙi a hannu. Amma bari in faro muku daga tushe.

Ni malamin firamare ne a Batsari, shekara ashirin da 'yan kai ina zana wa yara teku a allo, ina gaya musu ruwa ya fi ƙasa yawa a duniya. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, malamin nasu in damina ta kankama, ko rafin da ke hanyar gonarsa sai ya sauka daga babur ya jira wani ya fara ƙetarawa. Tsoron ruwa nake, tsoro irin na ban haushi.

Ina da wani aiki na biyu da ba a biya, amma ya fi mini albashi daraja. Duk sanda rigimar iyakar gona ta tashi a Darini, ni mai unguwa ke aikowa a kira. Ni ke riƙe igiyar awo, ni ke rubuta takardar sulhu. In na taka wuri na ce nan ne iyaka, magana ta mutu. Ina jin daɗin abin nan, ba zan ɓoye muku ba.

To, wata bazara sai ƙanena Kabiru, likita ne a Amurka, ya kira ni. Ya ce, "Yaya, kai ka riƙe ni har na gama makaranta, ban taɓa yi maka komai ba. Ka zo ka ga gidana, sannan mu shiga jirgin ruwa mu yi kwana uku, mu je wani tsibiri a Bahamas mu dawo."

Na ce madalla, Allah ya yi albarka. Na kashe waya na zauna a bakin gado ina ta salati.

Biza ta fito (na yi addu'a a ɓoye kada ta fito, Allah ya gafarta mini), shiri ya kankama. Kabiru kullum da sabuwar tambaya. Ɗaki mai taga nake so ko marar taga? Na ce marar taga, wai don kada in sa shi kashe kuɗi. Zan hau ƙaramin kwalekwale mai gilashi a ƙasa in kalli kifi? Na ce kifi a faranti na saba ganinsa. Maiɗakina Hajara ta daka yaji ta soya ƙuliƙuli cike da bokiti, ta sa aka kawo kilishi, Kabiru ya ce a filin jirgi za a ƙwace kilishin, ta yi kwana biyu tana fushi da Amurka. Na je wurin Liman na tambayi yadda ake gane alƙibla in jirgi na juyawa. A majalisa kuwa sai cika baki nake. "Teku? Ai mu muka koyar da ita." Ina komawa gida sai in buɗe waya in yi ta kallon jirage cikin guguwa, kujeru na yawo, mutane na ihu. Hajara ta ce, "Malam, wai kai da ka daina kallon abin nan mana." Ban daina ba.

Saura sati biyu, Liman ya yi huɗuba a kan cin iyaka, da irin abin da ke jiran wanda ya mutu da taƙi ɗaya na ƙasar wani a wuyansa. Ina sahun gaba, gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

Ga abin da ya sa. Gonata ta yi iyaka da ta Malam Buba, wani Bafulatani dattijo da muka gaji maƙwabtaka tun iyaye. Da tsaro ya taɓarɓare, ya kwashe iyalinsa da sauran shanunsa ya koma cikin garin Safana, gonar sai ya leƙo jefi-jefi. Tsakaninmu layin gamba ne. Shekarar farko da na zo huɗa, garma ta ɗan ci tushen gambar, na ce a raina kuskure ne, na dasa ta gaba kaɗan. Shekara ta biyu ban ma tsaya neman sunan da zan ba abin ba. Haka gamba ta yi ta tafiya tana shiga gonar mutumin da ya gudu da ransa, ni kuma ina yawo da igiya ina auna wa wasu gaskiya.

Na ga ba zan shiga teku da wannan kaya a kai ba. Sai dai kuma in tunkari Buba ido da ido in faɗa? Ina! Sai na samo dabara irin ta matsorata. Na zauna na rubuta wasiyya. Babur na babban ɗana, littattafaina na makaranta, awaki na Hajara. A ƙarshe na rubuta zancen gona dalla-dalla, na ce a maida wa Buba haƙƙinsa a roƙar mini gafara. Lissafina shi ne, in na nutse an wanke ni, in na dawo in karɓi abata in yayyage, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. (Ku dubi fa, har Ubangiji nake son yi wa wayo.)

Na liƙe ambulan na kai wa babban wanmu, Yaya Isuhu, wanda bai yi boko ba, shi ya sa ma na zaɓe shi. Na ce, "Yaya, wasiyyata ce. Ka adana, kada a buɗe sai in Allah ya karɓi raina." Ya jujjuya ta, ya ce to, ya soka a aljihu.

Ranar Alhamis ya tara mutane don a yi mini addu'ar tafiya. Tabarmi har bakin hanya, mai unguwa a kan kujera, malaman makarantarmu sun zo a mota guda, mata cike da zaure suna leƙe. Har Malam Buba ya hau ɗan acaba tun daga Safana, ya kawo mini man shanu a kwalba da ƙwan zabi, wai guzuri. Na karɓa hannu biyu, na kasa kallon idonsa.

Aka yi addu'a aka shafa. Na miƙe na yi irin neman gafarar da kowa ke yi, wanda na ɓata wa ya yafe mini, aka amsa baki ɗaya, "Ba komai Malam, Allah ya yafe mu duka." Na zauna na ɗauki kununa, na ce an gama lafiya.

Sai Yaya Isuhu ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yaron nan ya ba ni wasiyya." (Shekarata hamsin da biyu, har gobe yaro ne ni a wurinsa.) "Ya ce in ɓoye. To ni na kwana ina tunani, wasiyyar da ba shaidu ai rigima ce za a bar wa marayu. Gobe wani ya ce ni na rubuta. Tunda ga Liman ga mai unguwa, a karanta kowa ya shaida."

Na ce, "Yaya, ai da an bari..."

"Kai, yi mana shiru. Babur ɗin naka ne ba ka so a ji wanda ka ba?"

Aka yi dariya. Liman ya ce Malam Isuhu ya yi daidai, haka shari'a ta fi so. To ku gaya mini, a gaban mai unguwa zan yi kokawa da wana in ƙwace takarda? Na zauna ina kallo Liman ya sa tabarau, ya yage ambulan, ya jawo lasifikar da aka aro daga masallaci.

Babur ya wuce, aka ce madalla. Littattafai suka wuce. Da aka zo awaki, wata tsohuwa a zaure har da guɗa. Sai Liman ya ɗan tsaya, ya dube ni ta saman tabarau. Na roƙe shi da ido. Amma ya riga ya fara jimlar, kuma shi mutum ne da ba ya tsallake layi.

"Ina shaida wa Allah cewa na ci iyakar maƙwabcina Malam Buba, na matsar da gamba har layi biyar, alhali yana gudun hijira a Safana..."

Wurin ya yi tsit. Wallahi har kukan akuyar maƙwabta na ji kamar a cikin kunnena. Kofin na hannuna, na rasa yadda zan yi da shi, in sha ba dama, in ajiye ba dama. Mutum nawa a wurin na taɓa tsayawa a kansu ina yi musu wa'azin amana? A lokacin nan, da teku za ta zo Darini ta ɗauke ni, da na gode mata.

Kowa ya juya yana kallon Buba. Yana zaune da sandarsa a kan cinya. Sai ya ɗago ya dubi Liman.

"Allah gafarta Malam, sake karanta wurin nan. Nawa ya ce?"

"Biyar."

"Bakwai ne."

Jama'a, bakwai ne. Na sani sarai bakwai ne. Ina rubuta takardar da nake zaton sai bayan raina za a buɗe, amma da na zo wurin, hannuna ya rage biyu.

Mai unguwa ya ce, "Buba, kana sane duk shekarun nan? Me ya hana ka kawo ƙara?"

Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, in na kawo ƙara wa za ka aika a kira ya riƙe igiya?"

Wani malamin makarantarmu ne ya fara fashewa, sai wuri ya ɗauka gaba ɗaya, har Liman sai da ya cire tabarau yana share ido. Ni dai na sunkuyar da kai, hawaye na zuba cikin kunu. Na rarrafa na durƙusa gaban Buba na ce ya yafe mini don Allah. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kaɗo, tashi, kana ba ni kunya. Geron da ka ci na yafe, duniya da lahira. Ƙasar dai ban yafe ba, ina da jikoki. Gobe da hantsi ka zo da fartanya."

Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Kamar wanda ya sauke buhun masara bayan tafiyar yini.

Washegari muka haɗu a gona da mai unguwa da shaidu biyu. Buba ya taka cikin abin da nake kira gonata, ya nuna wani wuri da sanda ya ce in tona. Na tona, sai ga fasasshen dutsen niƙa da mahaifinsa da nawa suka binne tun kafin a haife ni. Aka ƙirga layi daga nan zuwa gamba. Bakwai cif. Ni da hannuna na tuge ta na maida ita mazauninta, rana na dukana, masu wucewa a babur suna rage gudu suna cewa, "Sannu da aiki, Malam!"

Tafiya kuwa na yi ta. Jirgin ashe gari ne guda, bene a kan bene, ko girgiza ban ji ba. Na ci na ƙoshi, na yi barci kamar jariri, har na taka ruwan tsibirin ya kai mini idon sawu, Kabiru ya ɗauki hoto don shaida.

Na dawo na tabbata igiya ta bar hannuna har abada, kuma na san na cancanci haka. Da damina ta faɗi sai ga aike daga mai unguwa, wai wasu 'yan'uwa biyu sun kaure a kan iyaka. Na je ina jan ƙafa na ce, "Ranka ya daɗe, anya ni kuwa?"

Ya miƙo mini igiya ya ce, "Karɓi nan. Duk garin nan wa ya kai ka sanin yadda gamba ke tafiya? Amma Buba zai riƙe ɗaya bakin."

Haka muke yi har yau, ni a wannan baki, shi a wancan, kuma in na faɗi lamba sai ya sake ƙirgawa a gaban mutane. Abin da na koya dai shi ne, in kana da haƙƙin wani, ka taka da ƙafarka ka kai masa tun kafin a aro lasifika. In kuma ka tashi tuba, don Allah ka faɗi adadin daidai, domin mai gonar ya fi ka iya ƙirge.