Malam Badaru Ya Ƙi Karɓar Yafiya

Jama'a, in kun taɓa ratsawa ta Birnin Kudu ba ku yi ido biyu da Malam Badaru ba, ku koma, ba ku ga garin ba. Shi ne mutumin da aka gama. Mu sauran duk ana kan aikinmu, wani ba a yi masa filasta ba, wani ko ƙofa ba a sa masa ba. Shi kuwa tun shekarar da ya yi ritaya daga koyarwa ya sanar a majalisar bakin tasha cewa ya kammala. Muka sa masa suna Kammalalle, yana kuwa amsawa har da ɗaga hannu.

Kada ku ɗauka da ka yake magana, abin da tarihinsa. Sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ɗan Adam tsani yake hawa. Mutanen da suka zana shanu a jikin duwatsun garin nan su ne matakin farko. Girkawa suka ce tunani ne zai gyara mutum, suka yi ta tunani har suka ƙare. Turawa suka ce makaranta da na'ura, suka ƙera agogo, amma har gobe suna makara. Kowa ya ajiye tubalinsa ya wuce. Ni aka bar wa rufin."

Liman ya taɓa tuna masa cewa kamala ta Allah ce. Malam Badaru ya ce, "Allah gafarta Malam, ban musa ba. Ni ta nan ƙasa nake nufi, daga Kangire zuwa Basirka."

Kuma tsakani da Allah ba mu taɓa ganin kuskurensa ba. In ya yi tuntuɓe, dutsen ne ya zauna ba a wurinsa ba. Ranar da babur ya watsa shi cikin gonar dawa, ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce dama duba yabanya ya sauka yi. Har mabiya ya tara, 'yan fansho irinsa, suna binsa suna koyon kammala. Ya kafa musu doka guda: duk wanda aka yafe wa, laifi ya yi, kuma mai laifi ba ya jan kammalallu.

Ana nan sai Allah ya kira shi Makka. Kun san al'ada, maniyyaci gida-gida yake bi yana cewa a yafe masa. Malam ya duba ya ga ba shi da abin roƙo, don haka ya sa babbar riga ya fita don ya yafe wa gari.

Bai ko buɗe baki ba Yunusa mai shayi ya tare shi. "Haba Malam, ba sai ka faɗa ba! Kofin nan da ka fasa ka ce iska ce, na yafe har abada."

"Ban karɓa ba!" in ji Malam. "Mayar da abinka!"

Ina! Labari ya riga ya zaga. Maƙwabci ya yafe masa kwatar da ya karkato masa gida. Wanzami ya yafe. Wani direba ya leƙo ta tagar bas a guje ya wurgo tasa yafiyar, ba a ma ji ta mece ce ba. Malam ya toshe kunnuwa ya riƙa bin lungu, mabiya na biye suna kallon juna. Ya ce musu kada su damu, hassada ce ta mutanen ƙasan tsani, su zo su ga yadda ake girmama shi a cikin danginsa.

Suka shiga bas sai Gwaram, wurin yayarsa Juwairiyya, wadda ta goye shi. Suka iske ta a zaure tana ɓarar gyaɗa. Ya tuɓe takalmi ya tsaya ƙiƙam. "Yaya, na zo ne in yafe miki kafin in tashi."

"Zauna, Badaru, ka tare mini haske," in ji ta. "Allah sarki, ƙanena. Na yafe maka fitsarin da ka tsula mini a baya ranar kasuwa. Na yafe maka rumbun Baba da ka ƙona wajen gasa gyaɗa ka ce aljanu ne."

"Wannan tsohon mataki ne!"

"To na yafe maka na bana ma. Wannan kamalar taka, ita ta fi gallabar dangi, amma na yafe."

Mabiya suka shafa, suka ce amin. Dabo, wanda ya fi kowa daɗewa a bayansa, ya miƙe ya ce bari ya je ya ga wani ɗan'uwa a bayan kasuwa. Sauran ma duk ashe suna da 'yan'uwa a bayan kasuwa.

Malam ya zura takalmi ya fice a fusace, ya nufi tasha shi kaɗai, kai a sama, tafiyar wanda bai taɓa kuskure ba. Sai muryar Yaya ta biyo shi har titi:

"Badaru! Silifas ɗina ka sa! Tafi da su, na yafe!"