Mati da Katin Hoton Yayansa

A ƙauyen Gidan Rimi akwai wani mutum Mati, magidanci ne har da furfura a gemu, amma magana yadda aka ba shi haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da yayansa Lawwali mai haɗa bidiyon biki. Lawwali ya sayo sabon katin hoto, wato na'urar da ke fitar da hoto a allo, ya sa wa kwamfutarsa, sai ta ƙi nuna komai yadda ya kamata. Ga bidiyon walimar saukar 'yarsa a ciki, dangi kuma za su zo kallo ranar Asabar.

Wata rana Lawwali ya fara saka direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta san katin. Zai fita ya ce, "Kada ka ɗauke ido daga allon nan sai ya kai ɗari." Abin ya kai casa'in da tara ya cije. Awaki suka shigo suka cinye dawar da aka shanya, Mati yana jin su. Da Lawwali ya dawo ya tarar da shi ido jawur. Mati ya ce, "Yaya, saura ɗaya."

Wata rana kuma aka ce masa in allo ya yi baƙi ya kashe ya kunna. Da hantsi aka ɗauke wuta. Mati ya yi ta danna maɓalli har la'asar, sai da yatsa ya kumbura.

Ranar Juma'a Lawwali ya gama gwada direba biyar, ya cire ya mayar, allo dai baƙi ƙirin. Ransa ya ɓaci. Ya zare wayoyin duka, ya jefa wa Mati kwalin katin ya ce, "Haɗa kwamfutar yadda take a hoton jikin kwalin nan, ni na gaji."

Mati ya bi hoto tiryan-tiryan. Ya aro tukunyar fure a maƙwabta ya ajiye a dama, kamar yadda take a hoton. Wayar allo kuwa, a hoton jikin sabon katin take, can ƙasa, ba a ramin sama da Lawwali ya saba cusa ta ba. Nan Mati ya sa ta.

Allo ya washe. Ga yarinya da farin mayafi tana karatu.

Lawwali ya miƙa hannu zai taɓa kwamfutar. Mati ya sake duba kwali, ya girgiza kai.

"Kada ka taɓa tukuna, Yaya. Ban samo kyanwar da ke cikin hoton ba."