Rasuwar Akwatin Wasiƙun Injiniya Lutfi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gajiyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Madam Awatif, matar marigayi Injiniya Lutfi Shahata, mazauniyar hawa na huɗu a gida mai lamba tara a unguwar Muharram Bek ta Iskandariyya, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar akwatin wasiƙunta. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara talatin da takwas, cikinsa maƙil da takardu.

Injiniya ne ya ƙera shi da hannunsa a shekarar da suka tare, da ragowar katakon gadonsu. Ya kafa shi a zauren gidan, ya liƙa masa ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunansa. Akwati ne mai riƙon amana, bai taɓa tona asirin kowa ba. Iskar teku ta ci makullinsa da tsatsa, bai yi ƙorafi ba. Maganarsa biyu ce a duniya: "ƙiiii" in an buɗe shi, "ƙwas" in an rufe. A zamanin ƙarfinsa ya ɗauki katunan biki da wasiƙun ƙanwar Madam daga Kuwait, kuma ta bakinsa aka ji 'yarsu ta ci jarrabawar likita.

Ciwon ajalinsa kuwa gado ya yi daga mai shi. Injiniya, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Duk wanda ya miƙo masa takarda a wurin shan gahawa sai ya rattaba hannu. Haka ya wayi gari ɗan ƙungiya goma sha ɗaya: ta masu tara kan sarki, ta tsofaffin ɗalibai, ta masu kallon tsuntsaye, har da ta masu kamun kifi, shi da bai taɓa shigowa gida da ko ƙayar kifi ba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, amma ƙungiyoyin sun toshe kunne. Tunatarwa ta farko a zo a sabunta rajista, sai ta biyu, sai "tunatarwa ta ƙarshe", sai wata ta ƙarshen bayan ta ƙarshe. Kowacce da "Ɗan uwa mai daraja, mun yi kewarka" take farawa. Wadda ta yi kewarsa da gaske tana hawa na huɗu, ba ta taɓa aika wa kowa takarda a kan haka ba.

Ba a ce ba a nemi magani ba. Madam ta ɗauki takardar shaidar mutuwa ta je ofishin masu kamun kifi. Sakatare ya yi mata ta'aziyya, ya sa aka kawo mata shayi, sannan ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, doka ce. Ɗan ƙungiya ne kaɗai zai iya cire kansa, kuma sai ya zo da ƙafarsa ya sa hannu."

Ta ce, "To ku je ku taso shi mana, ai kun san inda yake. Da ku aka kai shi."

Bayan mako biyu wasiƙar ta'aziyyarsu ta iso. Injiniyan da kansa suka rubuta wa, ga takardar sabunta rajista a naɗe a ciki. Daga ranar ta sallama. Gwiwoyinta sun gaji, ranta ya gaji, ta daina saukowa buɗe akwatin, shi kuwa ya yi ta kumbura shiru.

Baba Jabir mai gadi ne yake kansa lokacin da ya cika. Sha'aban, sabon mai raba wasiƙu, yana cusa masa tunatarwar masu tsuntsaye da babban yatsa, sai gindin akwatin ya ɓalle. "Wallahi, Madam, bai sha wahala ba," in ji Baba Jabir. "Ƙara ɗaya ya yi, sai ga takardu har bakin titi."

Ya rasu ya bar makulli ɗaya, da ƙusa huɗu a bango, da akwatuna bakwai na maƙwabta, dukkansu na ƙarfe, babu wanda ya ko girgiza.

Madam ta ce ko ba komai yanzu za ta huta. Ranar Alhamis sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Sha'aban ne, ya rasa inda zai sa wasiƙa, ya hau bene huɗu yana haki. Bai san kowa a gidan ba, sunan da ke jikin tagulla kawai ya sani.

Ya ce, "Ina kwana, Madam. Injiniya Lutfi yana nan?"

Shekara huɗu babu wanda ya tsaya a ƙofar nan ya tambaye shi. Ta buɗe baki da niyyar wanke ƙungiyoyin nan tas, su goma sha ɗaya, sai ta ji kanta tana cewa, "Ya ɗan fita, ɗana. Kawo in ajiye masa."

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, idan mai kurar sayen tsofaffin kaya ya biyo ta layin. Za a zauna makoki a zaure, akwai gahawa ba sukari. Masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu, don Allah kada a aiko da wasiƙa. Allon tagullar ne kawai ba za a tafi da shi ba. Madam ta sa Baba Jabir ya kafa shi a ƙofarta, don kada Sha'aban ya ɓata hanya in ya sake hawowa.