Motar da Injiniya Tamu Ya Rufe wa Baki

A shekarun da jihar Kebbi ke ɗanya, Allah ya yi wa Jega baiwa biyu: kasuwa da Injiniya Tamu. Kasuwa sai ranarta take ci. Injiniya kuwa kullum ci yake.

Da can mai facin taya ne a bakin tasha. Ya yi damina guda a Kwatano, ya dawo da farar riga irin ta likitoci da guntuwar jar waya a aljihu. Da wayar nan yake hira da mota. Sauran makanikai, bayin Allah, sai sun shiga ƙarƙashi sun yi duƙun-duƙun. Shi kuwa ya soka waya a wani ɗan akwati kusa da inji, ya murɗa makulli, sai 'yar fitilar da ke gaban direba ta shiga ƙifta ido, yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin gida. Direbobi suka laƙaba masa Dakta Ƙyaf-ƙyaf. Ya ɗauka sarauta ce, har ya sa aka rubuta a allon gareji.

A kan teburinsa akwai kwalba cike da ƙwayayen fitila. Kowane ƙwai, in ji shi, mota ce da ya warkar.

Wata safiya Lawali, manomin albasa daga Aliero, ya shigo da tsohuwar a-kori-kurarsa, ta sha buhuna har ta durƙusa. Noman raninsa kaf ke nan a bayanta. Tirelar da za ta kai kaya Kudu tana lodi a Maiyama, ana sallame Azahar za ta tashi, kuma ba sai an gaya wa ɗan Aliero abin da albasa ke zama in ta kwana cikin buhu a wannan zafi ba. Ga 'yar fitilar nan ta gaban direba ta kama tun daga gida, mota na tari, salansa na feso hayaƙi baƙi wuluk.

"Injiniya, ka taimake ni," in ji Lawali. "Motag ga ba ta da lahiya, kuma sauri nike."

Injiniya bai ko dube shi ba sai da 'yan kallo suka taru, don asara ce a yi ilimi irin nasa ba shaidu. Ya soka waya. Fitila ta ƙifta, ta huta, ta sake.

"Mi tac ce?" in ji Lawali.

"Ba da kai take ba, Malam Lawali. Jama'a, ku saurara! Motar nan akwai kwamfuta a cikinta. A jikin salansa kuma Bature ya dasa mata hanci, sunansa sensa, mai sunsunar hayaƙi. To hancin ne ya kai ƙara, wai hayaƙi ya yi yawa. A ƙasarsu laifi ne, saboda sararinsu ƙarami ne. Mu fa? Ku ɗaga kai ku dubi sama. Wa zai cika wannan? Ba ciwo gare ta ba, ƙorafi gare ta, ni kuwa na san maganin mai ƙorafi."

Ya zura hannu a bayan sitiyari, ya lalubo ƙwan fitilar, ya cire, ya jefa a kwalba, ƙaras! Aka tada mota. Babu fitila. Wuri ya ɗauki sowa.

"Hayaƙin hwa?" in ji Lawali.

"Hayaƙi ƙarfi ne. Ka taɓa ganin tirela marar hayaƙi?"

Hankalin Lawali bai kwanta ba, amma rana ta soma hawa, ba lokacin gardama. Injiniya kuma ya yi masa alfarma: zai bi shi, don yana shirin buɗe reshe a Maiyama, ya kamata direbobin can su gan shi da idonsu. Ya hakimce a gaba, gwiwar hannu a taga, yana ɗaga wa mutane hannu. Duk sa'ad da mota ta yi tari sai ya ce gyaran murya take.

Ana hango itatuwan Maiyama ta yi wata irin girgiza, ta mutu murus. Rana ta take tsaka. Lawali ya ji warin albasa ya soma tashi.

Injiniya kuwa murna ta kama shi, don manoma da masu fura sun kewaye su, ga sababbin shaidu. Ya gyara riga, ya ce a yi tsit zai tambaye ta damuwarta. Ya soka waya, ya murɗa makulli, ya kafa ido. Shiru. Ya ƙwanƙwasa allon da ke gaban direba. Duhu.

Lawali ya dafe kai. "Injiniya, da mi za ta ba ka amsa? Harshenta na Jega cikin kwalbakka!"

Da wani ne, da sai ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Ban da Dakta. Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun gani da idonku. Na tambaye ta, ba ta ce uffan ba. A ilimance, motar nan lafiyarta ƙalau."

Lawali bai tsaya musu ba. Ya sheƙa a guje ya tare amalanken shanu da ke dawowa daga gona, jama'a suka kama masa aka juye buhuna. Kafin ya tafi ya danƙa wa Injiniya makulli. "Tunda lahiyatta lau, ka iske mu." Albasa ta isa tasha ana ɗaure wa tirela tamfol, Lawali ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna yana ba mai shanu labarin kwalba, suna dariya har da hawaye.

Bayan La'asar direbobin Maiyama suka ga Injiniya da idonsu, yadda ya so. Yana riƙe da sitiyari, gwiwar hannu a taga, shanu biyu na jan mai lafiya. Da aka tsaya ya sauko, ya lura san hagu yana haki yana ƙifta ido. Ya matsa kusa, ya soma gyaɗa kai, hannunsa ya nufi aljihu.

Mai shanu ya yi wuf ya shiga tsakani, ya rufe wa sansa fuska da hula.

"Ahir, Dakta! Wanga da idanunai biyu za shi koma gida."