Ranar da Muka Kai Iyayenmu Awon Mama

Jama'a, Talatar nan na ɗora tsohuwata bisa amalanke, na yi kilomita tara da ita, rana na dukanmu, jaki na gardama. Dalili? Mai shela ya zagaya gari: manya sun iso da motar likita, kowa ya kai mama a duba kyauta. To ni ɗa ne mai biyayya. Na kai Mama.

Ba ni kaɗai ba. Ƙadri mai gyaran moto ya ɗauko tashi. Shi ko Na Allah, da tashi ta rasu, ya aro ta maƙwabta. Fili ya cika da tsofaffi, kowace da carbinta.

Aka raba muna huluna ruwan hoda. Mai Girma Uban Taro, Allah ya ƙara mishi tsawon numfashi, ya yi awa biyu yana zuba Faransanci. Tafinta ya sunkuyar da kai ya juya: "Ya ce ciwon nan... na wurin nan... a gaggauta." Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

"Wane wuri?" in ji tsohuwa.

"Yi shiru, Inna, manya na magana."

"Ni dai gwiwa ke damuna."

Sai da Madam Biba, ungozomar likitarmu, ta ja ni gefe. "Malam Sabi'u, nono ake nufi. Sankarar nono ake son kamawa tun tana ƙarama. Tsofaffi ma za a duba su, amma ina matanku?"

Na koma gida ina ba matata Zara'u labari, ina ƙyaƙyata dariya. Ita ba ta yi ba. Ta aje taɓarya.

"Ni akwai ƙullutu a nawa na hagu tun kakar wake."

"Mi ya hana ki faɗa?"

"Malam, kai da ko sunan abin ba ka iya kira, in ce maka mi?"

Da sassafe muka koma. Motar manya ta tahi birni rufe taro, an bar muna tuta da gwangwanayen lemu. Rediyo ya ce an wayar da kan mata ɗari huɗu. Ni shaida ne, har masu ciwon gwiwa sun waye.

Madam Biba, ba na'ura ba hula, da hannunta biyu ta duba Zara'u. Ta ce ƙarami ne, kuma ba kowane ƙullutu ke zama sankara ba, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta rubuta muna takardar zuwa babbar likita ta Maraɗi. Jibi za mu tahi. Ku sa mu cikin addu'a, ƴaƴa biyar ke kallon fuskarta.

Roƙona ga manya ɗaya ne: baɗi in za ku dawo, ku kira abin da sunanshi. Ba zagi ba ne. Ku ma, ranku ya daɗe, shi kuka sha kafin ku tara wannan tumbin.